Yadda ake haɗa kiɗan ɗaki na Turai: auna gudu, gano gidan sauti, da ƙulla wani da wani

Wanda ya saba haɗa kiɗan zamani a kwamfuta ya san sauƙin abin. Ka jefa waƙa cikin manhajar rekordbox ko Serato, kafin ka kurɓi shayi ta fito da lambobi biyu: bugu nawa a minti, da lambar gidan sauti (amon da kiɗa ke dawowa ya kwanta a kansa) irin 8A ko 10B. Ka nemi wata mai lamba kusa da ita, ka ɗora, shi ke nan. Amma ranar da aka ce ka shirya rabin awa na kiɗan ɗaki don shirin rediyo, ko don liyafa, ko a ƙarƙashin hoton fim, lambobin nan biyu sai su zama masu ɓatar da kai idan ka dogara da su kaɗai.

Kiɗan ɗaki shi ne wanda Turawa suka rubuta wa makaɗa 'yan kaɗan, daga biyu zuwa takwas ko tara, kowa da layinsa, ba madugu mai sanda a gabansu. Ba ganga, ba injin da ke riƙe bugu. Da ido da numfashi suke bin juna. Zan yi aiki da misali guda har ƙarshe: kiɗan mutum biyar da Franz Schubert ya rubuta a 1819, mai lamba D. 667, wanda ake wa laƙabi da sunan kifin nan tirawut. Wani mai hali a garin Steyr na ƙasar Ostiriya, Sylvester Paumgartner, wanda shi ma yana kaɗa celo, shi ya nemi a rubuta shi, kuma ba a buga shi ba sai 1829, shekara guda bayan rasuwar Schubert. Kayan kiɗansa biyar ne: fiyano, biyolin, biyola, celo da babban bas.

Mataki na farko: nemo takardar kiɗan kafin ka buɗe manhaja

Mutane suna tsallake wannan, alhali shi ne mafi arha. A shafin IMSLP ana samun rubutun kusan duk tsofaffin kiɗan nan kyauta. Ko ba ka iya karanta rubutun kiɗa ba, abubuwa uku za ka ɗauka a farkon kowane babi, wato kowane babban sashe na kiɗan: kalmar Italiyanci da ke nuna gudu, lambobi biyu da aka ɗora ɗaya kan ɗaya masu nuna yawan bugu a gaɓa (ɗan yankin da ke tsakanin layuka biyu na tsaye a takardar), da gidan sautin babin.

Ga abin da za ka samu a kiɗan Schubert. Babi na 1, Allegro vivace, bugu huɗu a gaɓa, gidan A mejo (mejo gida ne mai haske, maino mai duhu). Babi na 2, Andante, bugu uku, F mejo. Babi na 3, Presto, bugu uku, A mejo. Babi na 4, Andantino, bugu biyu, D mejo. Babi na 5, Allegro giusto, bugu biyu, A mejo. Ka lura: a jikin faifan "A mejo" aka rubuta wa kiɗan duka, amma babi biyu cikin biyar ba a can suke zaune ba. Wanda ya kwafi sunan faifai ya liƙa wa kowane babi ya fara kuskure tun daga bakin ƙofa.

Mataki na biyu: auna gudu da hannunka

Kalmomin Italiyancin nan ba lambobi ba ne. A jikin metironom, wato na'urar ƙirga bugu da Johann Maelzel ya yi wa rajista a 1815, ana rubuta Andante tsakanin 76 da 108, Allegro tsakanin 120 da 168. Faɗin nan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa ƙungiyoyi biyu za su kaɗa babi ɗaya, tsawonsu ya bambanta da minti guda ko fiye. Saboda haka gudun da kake nema na wannan faifan ne da ke hannunka.

Yadda nake yi: na zaɓi gaɓa takwas da kiɗan ke tafiya daidai, na riƙe agogo, na ƙirga. A ce gaɓa 8 masu bugu biyu-biyu sun ci daƙiƙa 16. Bugu 16 ke nan cikin daƙiƙa 16, wato 60 a minti. Lissafin shi ne yawan bugu, a ninka da 60, a raba da daƙiƙoƙi. Manhaja tana iya nuna maka 120 a wannan wuri, don ta ƙirga rabin bugu a matsayin cikakke. Duk lokacin da lambarta ta ninka taka, ko ta zama rabinta, kai ne da gaskiya. A babi na 3 abin ya fi rikicewa: bugu uku aka rubuta, amma saurinsa ya sa makaɗa suna jin gaɓa guda a matsayin bugu ɗaya, sai manhaja ta kama wani abu a tsakani wanda ba shi da tushe.

Kada ka auna sau ɗaya. Auna farko, auna tsakiya, auna gaɓoɓin ƙarshe. Makaɗa suna yin abin da ake kira rubato, kalmar Italiyanci mai ma'anar abin da aka sace: su ɗan ja da baya a nan, su rama a can. Kuma kusan kowane babi mai sanyi yana rage gudu idan ya zo sauka. Babi na 4 ma juyi-juyi ne a kan karin waƙa ɗaya, kowane juyi da irin tafiyarsa, har a ƙarshe Schubert ya canza kalmar gudun zuwa Allegretto. Lamba ɗaya ba za ta ɗauki wannan duka ba. Idan dole sai ka ga layukan bugu a allo, a rekordbox akwai zaɓin nazari mai suna Dynamic, wanda ke bin gudu mai canzawa, a Ableton Live kuma kana iya dasa alamomin da hannu. Amma ni lambobi biyu kawai nake rubutawa a littafina ga kowane babi: gudun daƙiƙa 20 na farko, da gudun daƙiƙa 20 na ƙarshe.

Mataki na uku: gano gidan sauti na baki da na wutsiya

Gidan sauti shi ne amon da kiɗa ke ɗauka a matsayin gida, ya fita yawo, ya dawo ya kwanta a kansa. Guda 24 ne: mejo 12 masu haske, maino 12 masu duhu. Don sauƙaƙa wa masu haɗa kiɗa, Mark Davis ya tsara su a da'ira mai kama da fuskar agogo, wadda ake kira Camelot, manhajar Mixed In Key kuma ta yaɗa ta. Harafin B na mejo ne, A na maino. Waɗanda za mu buƙata: C mejo 8B, G mejo 9B, D mejo 10B, A mejo 11B, F mejo 7B, B♭ mejo 6B, D maino 7A, F♯ maino 11A. Ƙa'idar ita ce ka zauna a lamba ɗaya, ko ka matsa ɗaya sama ko ƙasa, ko ka canza harafi lambar tana nan. Mai amfani da manhajar Traktor ya kula, tsarin lambobinsa daban ne: a can C mejo shi ne 1d.

Manhaja tana tattara amon da ya fi yawa a faifan gaba ɗaya ne ta ba da amsa guda. A kiɗan rawa hakan ya wadatar. A nan kuwa dubi babi na 2 na Schubert: ya tashi a F mejo, bai jima ba ya faɗa F♯ maino, ya wuce D mejo, daga baya ya leƙa A♭ mejo da A maino, sannan ya dawo F. A da'irar nan tafiya ce daga 7B zuwa 11A zuwa 10B har zuwa 4B. Idan ka yanke babin a tsakiya kana zaton a 7B kake, za ka ɗora sabon kiɗa a kan bangon da ba shi nan. Babi na 4 ma haka: juyi uku na farko a D mejo, na huɗu ya rikiɗe zuwa D maino da ƙarfin gaske, na biyar ya tafi B♭ mejo inda celo ke jan amon, sannan a komo gida.

Abin yi shi ne ka yanko daƙiƙa 20 na farko da 20 na ƙarshe a manhajar gyaran sauti ta Audacity, ka ba manhajar haɗa kiɗan su a matsayin fayil daban, ka ga me ta ce. Sannan ka tabbatar da kunnenka. Buɗe fiyanon waya, saurari dunƙulen sautin ƙarshe, wato amo da yawa da aka kaɗa lokaci guda, ka danna amon da kake zato. Idan shi ne, zai narke a ciki kamar gishiri a miya. Idan ba shi ba ne, za ka ji yana tsaye a gefe. Amon da bas ko celo ya sauka a kai a ƙarshen babi kusan kullum shi ne sunan gidan.

Mataki na huɗu: binciki ɗaurin kayan kiɗan

A nan ne na fi ganin mutane suna faɗuwa, don babu manhajar haɗa kiɗa da ke faɗakar da kai. Faifai biyu suna iya zama a D mejo a takarda, amma D ɗin nasu ba ɗaya ba. Ma'aunin duniya shi ne amon A ya kaɗa sau 440 a daƙiƙa. An amince da shi a wani taro a Landan a 1939, daga baya ya zama ƙa'idar ISO 16. Amma ƙungiyoyi da yawa a Turai suna ɗaure a 442 ko 443. Masu kaɗa kiɗan zamanin Mozart da Haydn da kayan irin na da sukan ɗaure a 430. Masu kiɗan zamanin Barok kuwa 415.

Ana auna tazarar da sant, inda rabin mataki, wato daga wani maɓallin fiyano zuwa na kusa da shi, yake sant 100. Daga 440 zuwa 442 sant 8 ne. Zuwa 430 kusan sant 40 ƙasa. Zuwa 415 kusan 100 cif. Wato shahararren Kanon na Pachelbel, wanda aka rubuta a D mejo, idan an kaɗa shi a 415 kunne zai ji shi a D♭, lambarsa ta aiki ta zama 3B maimakon 10B. Na taɓa shirya jerin kiɗa don wani taro, na sa shi bayan wani babi na D mejo bisa abin da ke rubuce a jikin faifai. Da na saurara da daddare, daidai inda celo ya shigo da amonsa na farko a ƙarƙashin wutsiyar wancan, sai na ji kamar ƙasa ta zame. Sai da na rushe jerin duka na sake shi. Gara ma 415, don ya faɗa kan wani gida sananne. Mafi wuya shi ne 430, wanda ke rataye a tsakani, manhaja ta rasa inda za ta ajiye shi.

Don ganowa, kunna dogon amon ƙarshe kusa da manhajar ɗaure jita ta waya, wadda aka saita a 440, ka ga sant nawa allurar ta karkata. Gwada a wurare uku, domin biyolin kamar gogenmu take, ba ta da alamun da ke tsayar da yatsa, mai kaɗawa kuma yana girgiza amo. Idan akwai fiyano a faifan, shi ne shaidar da ta fi inganci, don amonsa ba ya motsi. Kunne ma yana kamawa: 440 da 442 idan suka haɗu za ka ji sautin yana lumshewa sau biyu a daƙiƙa, 430 da 440 kuwa sau goma, wani karkarwa mai sa haƙora tsami.

Gyaran ƙaramar tazara ba wuya. Don sauko da 442 zuwa 440, rage saurin faifan duka da kashi 0.45 cikin ɗari ta hanyar Change Speed and Pitch a Audacity, wanda ke sauke gudu da amo tare kamar yadda kaset ke yi. Ba wanda zai ji bambancin gudun, kuma sautin bai lalace ba. Daga 430 zuwa 440 kashi 2.3 ne, daga 415 kuma kashi 6. Waɗannan biyun ban ba da shawarar a taɓa su ba. Makaɗan nan da gangan suka zaɓi wannan ɗaurin da tsarkiyar hanji don su sami wani irin laushi, kuma ja da faifan sama yana tafiya da shi. Tara masu ɗauri iri ɗaya wuri ɗaya, ka raba rukuni da rukuni da shiru ko da maganar mai gabatarwa.

Mataki na biyar: jera su

Yanzu kowane babi yana da katinsa: gidan baki, gidan wutsiya, gudun baki, gudun wutsiya, da ɗauri. Aikin shi ne wutsiyar wannan ta dace da bakin na gaba.

Ga jerin da ke zama lafiya. Fara da babi na 2 na kiɗan mutum huɗu na Joseph Haydn mai lamba Op. 76 na 3, na 1797, wanda amonsa ne taken ƙasar Jamus a yau. A G mejo yake, 9B, kuma a hankali yake sauka. Bi shi da babi na 4 na Schubert, 10B, mataki ɗaya sama. Wani abin da ya sa ƙullin nan ke daɗi: Schubert ya fara babin da masu tsarkiya kaɗai, a sanyaye, fiyano bai shigo ba sai juyi na farko, don haka kunne bai ji an canza ɗaki farat ɗaya ba. Daga nan kana da hanya biyu cikin kiɗan kilarinet na mutum biyar da Mozart ya rubuta a 1789, K. 581. Babinsa na Larghetto a D mejo yake, gida ɗaya da inda ka tsaya. Babinsa na farko kuma A mejo ne, 11B, wanda zai ƙara haske.

Alkibla tana da tasiri. Lamba idan ta hau, ji ake kamar an buɗe taga. Idan ta sauka, kamar daga 11B zuwa 10B, ji ake an dawo an zauna, domin A shi ne amon da ke jan kunne zuwa D. Ka ajiye irin wannan saukar don ƙarshen shiri.

Sai abin da da'irar ba ta sani ba, wanda mawallafan kiɗan suka sani sarai. Daga D mejo zuwa D maino, 10B zuwa 7A, a allo nesa ne, amma gida ɗaya ne aka rage wa fitila. Schubert ya yi haka a juyi na huɗu. Saboda haka ba laifi ka bi babi na 4 da babin Lento na kiɗan mutum huɗu da Antonín Dvořák ya rubuta a garin Spillville na Amurka a 1893, Op. 96, wanda yake D maino. Haka kuma daga A mejo zuwa F mejo, 11B zuwa 7B, tsalle huɗu ne da duk littafin DJ zai hana, amma shi ne abin da ke tsakanin babi na 1 da na 2 na Schubert. Sirrin shi ne amon A yana cikin dunƙulen biyu: A, C♯, E a na farko, F, A, C a na biyu. Kunne yana riƙe da igiya ɗaya ya haye. Sai dai irin wannan hayewa tana buƙatar shiru a tsakani, ba a ɗora su kan juna.

Mataki na shida: ƙulli

Ka manta da daidaita bugu da bugu na gaɓa goma sha shida. Amo biyu masu rai idan suka hau juna hayaniya ce, ko da gidansu ɗaya. Hanyoyi uku ne ke aiki.

Ta farko, kuma wadda ta fi kowace, ita ce shiru mai awo. Bayan dunƙulen ƙarshe, bar amsa-kuwwar ɗakin ta mutu da kanta, sannan ka ƙirga bugu biyu ko uku da gudun kiɗan da ke zuwa, ka sake shi. Nan ne lambar gudun baki ta yi maka amfani. Bayan babi mai sanyi daƙiƙa uku zuwa biyar daidai ne. Bayan mai zafi, ƙasa da haka. Kada shirun ya zama na kwamfuta tsantsa. Kowane faifai yana da ɗan hucin ɗakin da aka ɗauke shi, kuma idan ya yanke kwatsam mai hedfon zai ji kamar an toshe masa kunne. Kwafi daƙiƙa ɗaya ko biyu na wannan huci daga farkon faifan ka shimfiɗa a tsakani.

Ta biyu ita ce shiga cikin wutsiya: sabon kiɗan ya fara yayin da amsa-kuwwar tsohon ke dusashewa, daƙiƙa ɗaya zuwa biyu. Wannan sai gida ɗaya ne ko maƙwabta, kuma ɗauri ɗaya. Daga ƙarshen babi na 4 na Schubert, wanda ke ƙarewa a hankali, zuwa Larghetto na Mozart, hanyar nan tana fita kamar numfashi guda.

Ta uku ta taso ne idan lokaci ya matse, dole ka fita kafin babi ya ƙare. Nemi masauki, wato inda jimlar kiɗan ta kammala ta huta. Babi mai juyi-juyi alheri ne a nan, don ƙarshen kowane juyi ƙofa ce. Amma duba katinka: ƙarshen juyi na uku 10B ne, ƙarshen na biyar kuwa Schubert ya bar shi a buɗe yana jan kunne zuwa D, don haka wanda ya yanke a can ya bar magana a baki.

Game da maɓallin da ke canza gudu ya bar amo, wanda rekordbox ke kira Master Tempo, Serato kuma Key Lock: a hankali da shi. Yana yanyanka sauti ne ya sake ɗinkewa, kuma abin da ya fara cutarwa shi ne bugun fiyano, wanda ke zama kamar an buga sau biyu, da girgizar biyolin. A awona, kashi biyu zuwa uku cikin ɗari shi ne iyaka. Idan ka kashe shi kuma, ka tuna kowane kashi 6 na ƙarin sauri rabin mataki ne, wanda a da'ira yake nufin ƙarin lamba 7.

Mataki na bakwai: ƙarfin sauti da haƙƙi

Tazarar da ke tsakanin raɗa da tsawa a kiɗan ɗaki babba ce, kuma ita ce rabin daɗinsa. Kada ka daidaita faifai da faifai ta wurin da ya fi ƙara. Kwatanta wutsiyar wannan da bakin wancan, ka ɗaga ko ka sauke faifan duka har biyolin ta zama kamar nisanta ɗaya da kai a dukansu. Babi na 1 na Schubert da dunƙule mai ƙarfi yake buɗewa, fiyano ya haura sama a guje. Idan ka sa shi bayan babi mai raɗa, ƙara tsawon shirun don kada mai sauraro ya zabura. Ma'aunin rediyo na Turai, EBU R128, yana neman −23 LUFS (awon ƙarfin sauti yadda kunne ke ji), Spotify kuma yana daidaitawa a −14. Idan inda za a kunna akwai hayaniyar mutane ko janareta, matsa sautin kaɗan kawai, yadda sassan raɗa ba za su ɓace ba.

Rubutun Schubert, Haydn da Mozart ya daɗe da zama na kowa, amma faifan da makaɗa suka ɗauka yana da nasa haƙƙin daban, wanda a Tarayyar Turai yake kai shekara 70. YouTube yana gane faifan kamfani cikin minti kaɗan. Idan za ka wallafa aikinka, nemi izini, ko ka duba Musopen, inda ake ajiye ɗaukan da aka saki kyauta, ka karanta sharaɗin kowane ɗaya kafin ka sauke.

Idan ka gama, fitar da aikin a fayil ɗin WAV ko FLAC. Ka bar shi ya kwana. Washegari ka saurari ƙulle-ƙullen kaɗai, daƙiƙa 30 kafin kowane da 30 bayansa, sau ɗaya da hedfon, sau ɗaya da lasifikar da za a yi amfani da ita a wurin, allon kwamfuta a rufe. Duk ƙullin da ya sa ka ɗaga kai, koma katinsa ka duba ɗauri tukuna, sannan gida, sannan tsawon shirun.